Bakin Da Allah Ya Tsaga: Yawan Jama'a Da Ma'aunin Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya wa kowane abu ma'auni a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a zaurukan malamai da ofisoshin ma'aikata, har yanzu kuwa ba ta kwanta ba. Da zarar an ambaci yawan jama'a sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, saboda haka duk mai auna haihuwa da amfanin gona shisshigi yake yi cikin sha'anin Ubangiji. Waɗansu kuwa, galibinsu masu zurfin karatun boko, su ce yawan haihuwa shi ne tushen talauci, da za a rage ta da kowa ya huta. Abin da wannan fili zai duba a wannan mako shi ne, shin Musulmi yana da damar ya ƙidaya bakunan da ke gidansa ya auna su da rumbunsa, ko kuwa yin haka rashin tawakkali ne?

Ya kamata a fara da abin da masu nazarin zaman halittu suka gano, domin hukunci a kan abu ba ya inganta sai an san abin. Sun ce yawan kowace irin halitta a wuri ɗaya, ko ɓera ne ko fara ko ɗan Adam, abu huɗu ke juya shi, watau haihuwa da mutuwa da shigowa da fita. Idan haihuwa ta rinjayi mutuwa, to yawan ninkuwa yake yi, domin abin da aka haifa bana shi ma gobe zai haifa. Malaman Musulunci sun san ƙarfin ninki tun da daɗewa. Ibnu Khallikan, alƙalin nan mai littafin tarihin mashahuran mutane, wanda ya rasu a shekarar 1282, ya kawo labarin mutumin da ya ƙago wasan shaɗaranji, irin darar mutanen Indiya mai gida 64. Da sarki ya ce ya faɗi tukuicinsa, sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Ashe a gida na 11 ƙwaya 1,024 ce, a na 21 ta haura miliyan, kafin a kai na 64 kuwa babu rumbunan da za su iya biya ko da an haɗa na duniya duka. Masu lissafi suna da wata hanya mai sauƙi ta gane wannan: a raba 70 da adadin ƙaruwar shekara. Ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 kowace shekara za ta ninka cikin shekara 23 ko kusa da haka, watau kafin jaririn da aka raɗa wa suna yau ya gama kafa gidansa.

Amma fa babu halittar da ke ninkuwa har abada. Abinci da ruwa da wurin kwana da cuta su ne ke ja mata linzami, kuma kowane fili yana da iyakar abin da zai iya ɗauka ba tare da ya lalace ba. Wannan ba baƙon ilmi ba ne ga makiyayi, ko da bai taɓa shiga aji ba, domin ya san fadamar da ke ƙosar da shanu ɗari, in aka zuba mata dubu ciyawar za ta ƙare har saiwa, badi kuma ko ɗarin ba za ta riƙe ba. Akwai wani tsibiri da ake kira San Matiyu a tekun da ke yamma da Alaska, inda a shekarar 1944 sojojin gaɓar teku na Amurka suka saki wata irin barewar ƙasashen ƙanƙara guda 29 don ta zame musu guzuri. Da yaƙi ya ƙare suka tafi suka bar su, ba mafarauci, ba kura, ga abinci jibge. A 1957 aka ƙidaya su 1,350. A 1963 sun kai 6,000, sun kuma cinye gansakukar da suke rayuwa a kanta, wadda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta sake tofowa. Sai aka yi wani hunturu mai tsanani. Da masu bincike suka koma a 1966, guda 42 kaɗai suka tarar a tsaye cikin ƙasusuwan 'yan'uwansu.

Mai karatu zai iya cewa, to ina alkawarin da ke cikin Suratu Hudu, aya ta 6, inda Allah ya ɗauki nauyin arzikin duk wani abu mai tafiya a bayan ƙasa? Alkawarin gaskiya ne, babu kokwanto. Sai dai Littafin da ya zo da shi, shi ne kuma ya bayyana a Suratul Hijri, aya ta 19 zuwa 21, cewa tsiron ƙasa abin aunawa ne, kuma abin da ke taskokin Ubangiji ba a saukar da shi sai da gwargwado sananne. Haka nan Suratush Shura, aya ta 27. Ashe ke nan lamunin arziki bai kore ma'auni ba, bai kuma kore sababi ba. Ma'anarsa ita ce babu ran da zai mutu bai cika abin da aka rubuta masa ba, kuma babu mai bayarwa a haƙiƙa sai Allah. Ba a taɓa fassara shi da cewa yunwa ba za ta sauka a kan mutanen kirki ba. Ga shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, fari ya auka wa Hijaz a zamanin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, alhali manyan sahabbai suna raye. Umar ya yi roƙon ruwa, haka ne, amma kuma ya rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, su aiko da abinci, ya kafa tukwane yana ciyar da ƙauyawan da suka kwararo Madina, ya haramta wa kansa man shanu har launin fatarsa ya sauya. Ko akwai wanda zai ce Umar bai san tawakkali ba? Annabi (S.A.W.) da kansa ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara, kuma da ya buga misali da tsuntsaye a kan dogaro ga Allah, tsuntsayen da ya ambata masu sammakon fita nema ne.

Yanzu a dubi ɗan Adam. Tun daga farkon zamansa a duniya sai wajen shekarar 1804 yawansa ya cika biliyan ɗaya, watau miliyan dubu. Na biyu ya cika a 1927, na uku a 1960, na huɗu a 1974, na biyar a 1987, na shida a 1999, na bakwai a 2011, sa'an nan a watan Nuwamba na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar an kai biliyan 8. Mutane da yawa suna zaton haihuwa ce ta ƙaru. A'a, kakanni sun fi jikokinsu haihuwa. Mutuwa ce ta ragu, musamman ta ƙananan yara, saboda allurar rigakafi da ruwa mai tsabta da magunguna. Agana, wadda ta makantar da mutane ta cika maƙabartu, an tabbatar da ƙarewarta daga duniya a 1980. Matar da a da za ta haifi tara ta binne biyar, yau takan haifi bakwai ta aurar da shida. Wannan rahama ce wadda ta wajabta godiya, kuma ita ce ta zo da nauyin da ake magana a kai. Abin da aka gani a ƙasashe da dama shi ne mutuwa ke fara sauka, haihuwa ta biyo baya sannu a hankali, a tsakanin nan ne jama'a ke bunƙasa. Saurin ƙaruwar duniya ya kai ƙololuwarsa ta kimanin kashi 2 cikin 100 a shekarun 1960, yanzu ya sauko ƙasa da kashi 1, har ƙiyasin Majalisar na 2024 ya nuna yawan zai tsaya a wajen biliyan 10.3 cikin shekarun 2080. Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da har yanzu suke tsakiyar wannan hawa. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya miliyan 55.6, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, yau kuma ana ƙiyasin ta haura miliyan 220. Nijar da ba ta kai miliyan 4 ba a shekarar 1960, ta wuce miliyan 25.

Wani limamin coci a Ingila mai suna Tomas Maltus ya rubuta a 1798 cewa mutane ninkuwa suke yi, abinci kuwa taki ɗaya ɗaya yake ƙaruwa, don haka yunwa da annoba da yaƙi ba makawa su ne za su daidaita lissafin. Har gobe masu tsoron yawa da bakinsa suke magana. Rabin maganarsa gaskiya ne. Inda ya gaza shi ne ya auna ɗan Adam da ma'aunin barewa, alhali barewa ba ta shuka gansakuka. Kowane baki da aka haifa yana zuwa da hannu biyu da hankali, kuma iyakar abin da ƙasa ke ɗauka tana matsawa gaba idan aka yi mata aiki. A 1909 Bajamushe Firits Haba ya gano hanyar samo sinadarin takin zamani daga iska, aka fara sarrafa shi a masana'anta a 1913, yau masana na ƙiyasin kusan rabin mutanen duniya da abincin wannan taki suke rayuwa. Ba ma sai an je Jamus ba. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano suna cikin wurare mafi cunkoso a karkarar Afirka, ana noma gonakinsu kowace damina ba hutu shekara da shekaru, amma ƙasar ba ta mutu ba. Baturen nan Maikel Motimo, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna asirin yana ga jakunan da ke fita da mangalar taki daga birni, da kiwon awaki a gida, da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, da barin itatuwa a gona. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa, bayan farin 1973 da na 1984, manoma suka koma renon tohon gawo da sauran itatuwa maimakon sassabe su, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo, a daidai lokacin da jama'ar wurin ke ƙaruwa. Ibnu Khaldun ya riga ya faɗi irin wannan a Muƙaddimarsa tun 1377, cewa yawan jama'a yana haifar da yawan aiki, yawan aiki kuma shi ne dukiya.

To amma shi dai Ibnu Khaldun ɗin ya ware babi guda a kan cewa zalunci yana rushe raya ƙasa, domin manomin da ya san za a ƙwace abin da ya noma ba zai ƙara kunya ba. Nan ne masu ɗora wa haihuwar talaka laifin kome ya kamata su yi hattara. A yunwar Bengal ta 1943 mutum wajen miliyan 3 suka hallaka, masanin tattalin arziki Amartiya Sen kuwa ya nuna a 1981 cewa abincin da ke ƙasar a shekarar bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Tsadar yaƙi da ɓoye hatsi da sakacin masu mulki su suka kashe mutane. Sau da yawa in an ce fili ya yi kaɗan, a bincika a ga wa ya killace shi. Sayyidina Umar ya keɓe hurumin kiwo don dabbobin zakka da dawakin jihadi, ya naɗa wani bararren bawansa mai suna Hunayyu ya kula da shi. Umarnin da ya ba shi, kamar yadda Imamu Malik da Buhari suka ruwaito, shi ne ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibnu Aufi da na Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun mutu suna da gonakin dabino da za su koma, talaka kuwa 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka. A lura da abu biyu a nan. Umar ya yarda ciyawa tana da iyaka, ba ta isar kowa. Da ya tashi ragewa kuma, ta kan masu ƙarfi ya fara, ko da yake su biyun suna cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna.

Gwamnatocin da suka fara ta kan raunana sun bar tarihi mai muni. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawansu talakawa ne da aka tilasta. Ƙasar Sin ta ɗora wa jama'arta dokar ɗa ɗaya daga 1980 har ƙarshen 2015, aka yi ta zubar da cikin 'ya'ya mata, ga shi tun 2022 yawan mutanenta raguwa yake yi, hukuma na lallashin matasa su haihu. Saboda irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma haramun ne a kashe ƙwayar haihuwa ɗungum sai bisa larura. Amma a zama ɗaya ta halatta wa miji da mata su ba da tazara ko su dakata na wani lokaci, in akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar juna, ba tare da cutarwa ko taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

Wannan kashi na biyu shi ne wanda ba a cika jin sa a kan mumbari ba, alhali ba sabon hukunci ba ne. Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labari, a Buhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu, watau zubar da maniyyi a waje, a lokacin da Alƙur'ani ke sauka, ba a hana su ba. Akwai hadisin da ya kamanta shi da ɓoyayyen binne jariri, shi ya sa waɗansu malamai suka karhanta, amma mazhabar Malikiyya ta halatta shi da izinin mace 'ya. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya jera dalilan da ke sa mutum ya yi, har da tsoron lafiyar matar da tsoron kada yawan iyali ya tura shi neman haram. Ya ce wannan ya gaza kamalar tawakkali, amma ba abin hani ba ne. Wanda ya zarga shi ne mai yi don gudun haihuwar 'ya mace, irin ɗabi'ar Jahiliyya. Hanin da ke Suratul An'am, aya ta 151, da Suratul Isra'i, aya ta 31, a kan kashe 'ya'ya ne don talauci ko tsoronsa, kuma kisa yana aukuwa ne a kan ran da ya samu. Sa'an nan ga shayarwa ta shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, aya ta 233, wadda ta yi daidai da wata 24 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar mace ta huta kafin wani cikin. Tsofaffin matan Hausa ba su jira wata hukuma ba, su da suke ɗaukar kwanika abin kunya, suke tura mai jego gidan iyayenta. A shekarar 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya duka 'yan Nijeriya ne. Mijin da likita ya gaya masa jinin matarsa ya yi ƙasa, ya ce shi dai ya dogara ga Allah, ya dubi kansa da kyau, domin da ran wani yake yin tawakkalin nasa.

Masu kafa hujja da hadisin da Annabi (S.A.W.) ya kwaɗaitar da auren mai haihuwa, domin zai yi alfahari da yawan al'ummarsa, hujjarsu tana da ƙarfi, kuma 'ya'ya ni'ima ne wadda Annabawa suka roƙa. Sai dai Abu Dawuda da ya ruwaito wannan, shi ne kuma ya ruwaito hadisin Sauban, inda aka siffanta wani zamani da Musulmi za su yi yawa amma su zama kamar tarkacen da ambaliya ke kwasa. An kuma tuna wa sahabbai a Suratut Tauba cewa ranar Hunaini yawansu ya burge su bai amfane su da kome ba. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ƙiyasin yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Yaron da ke bin tasha da ƙoƙo, ba wanka ba karatun kirki, an haife shi ne aka miƙa wa gari nauyin da shari'a ta ɗora wa ubansa, alhali hadisi ya nuna tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyan mutum ya ishe shi zunubi. Annabi ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa don kada magadansa su koma roƙon mutane. Magidancin da ke da ƙarfin riƙe goma ya tarbiyyantar da su, Allah ya ƙara masa. Wanda ya san gonar gado da aka raba tsakaninsa da 'yan'uwansa bakwai ba ta kai shi watan Maris, ba shi da wata sana'a, ba laifi ba ne ya zauna da matarsa su yi lissafi.

Nauyin lissafi ya fi girma a kan masu mulki. Annabi Yusufu, da aka gaya masa mafarkin sarki, shirin shekara goma sha huɗu ya tsara, ya ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan, sa'an nan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa bisa dalilin cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Huzaifa ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya sa a rubuta masa adadin waɗanda suka musulunta, aka rubuta mutum 1,500, Umar kuma ya kafa diwani wanda har jarirai aka yanka wa rabo a cikinsa. A Nijeriya kuwa ƙidaya ta zama fagen rigimar siyasa, kowane yanki na kumbura adadinsa don kason kuɗi da kujeru. Ta 1962 an soke ta, ta 1973 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Gwamnan da bai san yara nawa aka haifa a jiharsa bana ba, ba shi da hanyar sanin azuzuwa nawa zai gina kafin shekara shida, ko buhun taki nawa manomansa ke bukata kafin ruwa ya sauka.